Tsaka-tsaki Ko Ba-ruwanmu? Asali Da Ma'anonin Kalmar 'Neutral'

A ƙarshen zangon karatun da ya gabata, wani ɗalibina da ke aikin fassara ya same ni a ofis da takardu uku a hannu. Ta farko labari ce a kan ƙasar Suwizalan, ta biyu shafi ne daga littafin kimiyya na sakandare, ta uku kuwa takardar gargaɗi ce irin wadda ake samu a cikin kwalin janareta. A dukkansu ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin kalma guda, wato 'neutral'. Ya ce, "Malam, a ta farko na sa 'yar ba-ruwanmu, kamar yadda muke ji a rediyo. To amma ta yaya zan ce ruwa ɗan ba-ruwanmu ne? Kuma wayar wuta fa?" Muka yi dariya tare, sai dai bayan fitarsa na ga tambayar ta fi ƙarfin dariya. Tun ranar nake bibiyar wannan kalma daga fage zuwa fage, kuma abin da na tarar shi ne, fassarar da kunnenmu ya saba da ita ta ɓoye mana rabin ma'anarta, rabin da ya fi muhimmanci ma kuwa.

Asalin kalmar daga Latin ne, harshen tsohuwar daular Rum. Suna da kalmar 'uter', wadda ake amfani da ita idan ana tambayar wanne daga cikin abu biyu. Sai suka liƙa mata 'ne' ta korewa a gaba, ta koma 'neuter', ma'ana ba wannan ba, ba kuma wancan ba. Mai karatu ya lura da adadin: biyu. Kalmar ba ta da aiki idan abu ɗaya ne a fili. Dole sai an sami ɓangarori biyu suna fuskantar juna kafin a ce ga wani can da bai faɗa cikin ko ɗaya ba. Wato tun daga haihuwarta, kalma ce da ba ta tsayuwa da ƙafarta, da wasu ake auna ta.

Abin mamaki, ba a fagen yaƙi ko siyasa ta fara yin suna ba, a ajin nahawu ne. Malaman nahawun Latin, suna bin sawun takwarorinsu na Girka, sun raba sunaye gida uku: namiji, tamace, da kuma wanda ba namiji ba ba tamace ba. Wannan na ukun shi suka kira 'neuter'. Har gobe harsuna irin su Jamusanci da Rashanci suna riƙe da wannan rabo, har ta kai a Jamusanci kalmar da ke nufin yarinya ba ta cikin jinsin mata, tana cikin na ukun ne, saboda ɗafin da ke ƙarshenta. Hausa kuwa ba ta san wannan gida na uku ba. Kowane suna tilo dole ya zaɓi layi. Rana tamace ce, wata namiji. Kujera tamace, tebur namiji. Gida da ruwa da nama duk sun ƙare da wasalin 'a' amma maza ne. Ko dutse ba a ƙyale shi ya zauna a tsakiya ba. Inda kawai Bahaushe ke samun mafaka shi ne lamirin nan na 'an' da 'aka'. Idan yaro ya ce "an fasa tulu", ya ba da labarin ɓarna ba tare da ya nuna kowa da yatsa ba, kuma duk wanda ya taɓa zaman sulhu tsakanin dangi ya san amfanin wannan ɗan lamiri.

Daga nahawu kalmar ta bi ta Faransanci da Ingilishi ta bazu, har a wajen ƙarni na 16 aka riƙa kiran mutum ko gari da ita idan ya ƙi shiga rikicin wasu. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci sun san ta da 'neutre'. Larabawa suna cewa 'hiyad', daga tushen da ke nufin kaucewa gefe. Mu kuma muna da kalmomi da dama da ke kewaye da wannan ma'ana, amma kusan kowacce da tabon da ke jikinta. "Ba ruwana" magana ce ta wanda ya kakkaɓe rigarsa ya juya baya. "Raba ƙafa" halin wanda ke cin tuwon gida biyu ne, yana jiran ya ga inda nasara za ta faɗa. Jemage kuwa, wanda ba ya cikin tsuntsaye ba ya cikin dabbobi, ba a taɓa kiran mutum da sunansa don yabo ba. 'Tsaka-tsaki' ce kaɗai ta fita da ɗan mutuncinta, ita ma wani lokaci ana nufin abin da bai kai ba bai kawo ba.

To bari mu shiga madafa, domin a nan ne ma'anar ta fi fitowa sarari. Duk macen da ta taɓa jefa ɗan gutsuren kanwa a miyar tumatir don kashe tsami ta yi abin da masana sinadarai ke yi a ɗakin gwaji. Tsamiya da lemun tsami da yakuwa suna gefe guda, gefen asid. Kanwa da ruwan toka da sabulu suna ɗaya gefen, wanda Turawa ke kira 'alkali', kalmar da suka aro daga Larabci inda take nufin tokar wasu tsirrai. Ba ta da dangantaka da alƙalin kotu, duk da cewa kunne kan so ya haɗa su. A shekarar 1909 wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Sørensen ya fito da ma'aunin da ake kira pH, wanda aka saba jerawa daga 0 zuwa 14. Ƙasa da 7 asid ne, sama da 7 ɓangaren kanwa ne, 7 cif kuma shi ne 'neutral', mazaunin tataccen ruwa. Wanda yake son ganin abin da idonsa, ya ɗiga ruwan kanwa a cikin zoɓo ya ga yadda jan nan zai dushe ya rikiɗe.

Abin lura a nan shi ne, ruwan da ke kan 7 ba wai babu komai a cikinsa ba ne. Ƙwayoyin da ke kawo tsami suna nan, masu kashe tsamin ma suna nan, sai dai adadinsu ya zo daidai wa daida, babu wanda ya rinjayi wani. Kuma wannan 7 ɗin ba dauwamamme ba ne, ya dace ne da zafin digiri 25. Idan ruwa ya tafasa, matsayin daidaiton yakan sauko zuwa kusa da 6. Hatta tsakiyar ma tana motsawa idan yanayi ya canza. Jinin ɗan'adam kuwa ba ya zama a tsakiyar, yana tsakanin 7.35 da 7.45 ne, kuma idan ya sauko zuwa 7 cif, to mai shi yana cikin mawuyacin hali, sai an yi gaggawar ceto shi. Ashe ba a kowane wuri tsakiya take zama lafiya ba.

A kimiyyar ƙwayar zarra labarin ya fi haka ɗaure kai. An daɗe da sanin cewa akwai furoton mai caji na haɗawa da elektron mai caji na ɗebewa. A 1932 James Chadwick na Jami'ar Kambirij ta Ingila ya tabbatar da samuwar na uku wanda ba shi da caji ko kaɗan, aka raɗa masa suna niyutron, daga wannan kalma tamu. Mutum zai zaci abin da ba shi da caji ba shi da tasiri. Akasin haka ne ya tabbata. Saboda ba shi da caji, babu abin da ke tunkuɗe shi idan ya nufi cibiyar ƙwayar zarra, sai ya shige kai tsaye. Da shi aka fara tsaga ƙwayar yuraniyom a Jamus a ƙarshen 1938, kuma shekara bakwai bayan haka duniya ta ga sakamakon a Hiroshima da Nagasaki. Tashoshin nukiliya na Faransa, waɗanda suka shafe shekaru suna cin yuraniyom ɗin Arlit, da wannan ɗan "ba-ruwansa" suke aiki.

Darasin wayar wuta kuwa da aljihuna na biya kuɗinsa. Shekaru kaɗan da suka wuce, wata rana da magariba, ƙwayayen ɗakunanmu suka yi wani irin haske kamar rana tsaka, sannan suka fara fashewa ɗaya bayan ɗaya. Firji da talabijin suka tafi a daren. Maƙwabcina na hannun dama kuwa kukansa daban ne, wutarsa ta yi ƙasa har fanka ba ta juyawa. Washegari mai gyaran wutar unguwarmu, dattijo ne da ya fi shekara 30 yana sana'ar, ya duba ya ce, "Malam, ba layif ba ce ta ci ku, nutural ce aka yanke a gindin taransifoma." Ɓarayin waya ne suka yi aikinsu. Ya zana min bayanin a ƙasa da tsinke: layuka uku ne ke fitowa daga taransifoma ana raba wa gidaje, ga kuma ta huɗu wadda kowa ke komawa ta kanta, an ɗaure ta da ƙasa. Tsakanin kowane layi da ita akwai kimanin bolt 230, amma tsakanin layi da layi akwai kusan 400. Muddin tana nan, kowane gida na samun rabonsa. Da zarar ta tsinke, sai wuta ta karkata, gidan da bai kunna kaya da yawa ba ya sha kusan 400, wanda ya loda kuma ya rasa. Ya kuma gargaɗe ni kada in kuskura in taɓa ta don an ce mata nutural, domin duk wutar da ta shigo gida ta layif, ta cikinta take komawa. Wayar da na ɗauka 'yar rakiya ce, ita ce ke riƙe da adalcin unguwa baki ɗaya.

Direbobi ma suna da tasu. Idan aka sa mota a firi, injin yana aiki amma an raba shi da tayoyi. A fili mai shimfiɗa babu laifi. A kan gangara irin ta Hawan Kibo kuwa, direban babbar mota da ya sa firi don ya rage shan mai ya sallama wa gangarar ragamarsa, domin injin da zai taimaka wajen riƙe motar ya fita daga lissafi, saura birki kaɗai, shi kuma idan ya yi zafi sai ya daina kamawa. Motar ba ta zaɓi gaba ba, ba ta zaɓi baya ba, amma ƙasa ta zaɓa mata.

Da wannan fahimta ya kamata a karanta tarihin ƙasashe. Tun a shekara ta 416 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mutanen wani ɗan tsibiri mai suna Melos suka roƙi a bar su kada su shiga yaƙin da ake yi tsakanin Atina da Sparta. Atinawa suka ƙi, suka kewaye garin, suka kashe mazan, suka bautar da mata da yara. Masanin tarihi Thucydides ne ya adana labarin. Ƙin shiga faɗa, idan masu faɗan ba su amince ba kuma ba ka da ƙarfin kare kanka, fata ne kawai.

Suwizalan ta gane haka. Manyan ƙasashen Turai ne suka rattaba hannu a kan matsayinta a 1815, bayan yaƙe-yaƙen Napoleon, domin kowannensu ya fi son duwatsun nan su kasance a hannun wanda ba abokin gabarsa ba. Amma ba ta kwanta a kan takarda ba, har yau aikin soja wajibi ne a kan mazanta. A 1907 yarjejeniyar Hague ta zayyana abin da ke kan irin wannan ƙasa, kuma wanda ya karanta zai ga jerin ɗawainiya ne: kada ta bari sojan kowane ɓangare ya ratsa ƙasarta, idan suka shigo ta tsare su har yaƙi ya ƙare, duk takunkumin da ta sa wa ɗaya ta sa wa ɗayan, kuma idan ta yi amfani da ƙarfi don korar mai kutse ba za a ɗauke shi a matsayin shiga yaƙi ba. Tun kafin yarjejeniyar ma, a 1871, ta karɓi sojojin Faransa kimanin 87,000 da suka tsallako iyaka, ta kwance musu ɗamara, ta ciyar da su. Wanda ya ce "ba ruwana" ba ya ciyar da baƙi dubu tamanin.

Beljiyam ta sami irin wannan alƙawari a 1839, amma nata bai tsira ba. A ranar 4 ga Agustan 1914 Jamus ta ratsa ta don ta kai ga Faransa, a ranar kuma Birtaniya ta shelanta yaƙi da hujjar kare wancan alƙawari. Kada mai karatu ya ɗauka abin ya tsaya a Turai. Cikin 'yan makonni sojojin rundunar Nijeriya, waɗanda da yawansu Hausa suke ji, suka tsallaka Kamaru ta Jamus. An yi ta gumurzu a Garwa har ta faɗi a 1915, dutsen Mora kuwa bai miƙa wuya ba sai a Fabrairun 1916. Takardar da aka keta a Turai, kakanninmu na cikin waɗanda suka biya da jininsu.

Ba kuma zan wanke Suwizalan tas ba. A Yaƙin Duniya na Biyu bankinta ya karɓi zinaren gwamnatin Hitila, an kuma mayar da dubban Yahudawa masu gudun hijira daga kan iyakarta. Kwamitin masana tarihi da gwamnatin ƙasar da kanta ta kafa a 1996 ya tabbatar da haka, kuma a 1998 manyan bankunanta suka amince su biya dala biliyan 1.25 ga waɗanda abin ya shafa. A nan ne tsaka-tsaki ya zame ya koma raba ƙafa. A 'yan shekarun nan ma matsayin yana girgiza: a 2022 ta bi sahun Tarayyar Turai wajen sa wa Rasha takunkumi, Finlan ta shiga ƙungiyar NATO a 2023, Suwidin ta bi ta a 2024 bayan kusan shekara 200 tana gefe. Kamar dai ruwan da aka ɗora a wuta, da zafi ya ƙaru sai tsakiyar ta gusa.

Wurin da muhawarar ta fi zafi, a ganina, shi ne aikin agaji, kuma a ƙasarmu aka yi ta. Ƙungiyar Red Cross, wadda aka kafa a Janeba a 1863, ta ɗauki ƙin shiga ɓangare a matsayin ɗaya daga cikin ginshiƙanta bakwai da ta ayyana a 1965. Hujjarta ita ce, idan ta buɗe baki ta zargi wani, gobe zai rufe mata ƙofar kurkuku da ta asibiti. A yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 wannan aƙida ta sha matsa daga kowane gefe. Gwamnatin tarayya ta zarge ta da taimakon 'yan tawaye, har aka harbo wani jirginta na agaji a watan Yunin 1969. Wasu matasan likitocin Faransa da suka yi aiki a ɓangaren Biyafara kuma suka zarge ta da yin shiru a kan abin da suka gani. Cikinsu har da Bernard Kouchner, kuma suna daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar likitocin nan ta MSF a 1971, bisa cewa likita zai yi magani kuma zai yi magana. Ni dai ban ga ɓangaren da ya yi kuskure gaba ɗaya ba. Mai shiru ya kai ga fursunan da mai magana ba zai taɓa gani ba, mai magana kuma ya hana duniya cewa ba ta sani ba. Abin da ba za a iya cewa ba shi ne wai wani daga cikinsu "ba ruwansa". Dukkansu a cikin jini suke tsamo-tsamo.

Wannan ya dawo da ni kan fassarar da muka gada. Ƙungiyar da Tito da Nehru da Nasser da Nkrumah da Sukarno suka assasa, wadda ta yi taronta na farko a Belgrade a 1961 da ƙasashe 25, ita muke kira Ƙungiyar Ƙasashe 'Yan Ba-ruwanmu. Sunan ya zauna a baki, ba na kuma jin za a iya tumɓuke shi yanzu. Amma waɗannan mutane ruwansu ne ƙwarai. Sun ƙi zama 'yan amshin shatan Amurka ko Tarayyar Sobiyet ne don su sami bakin yaƙar mulkin mallaka da wariyar launin fata a Afirka ta Kudu. Ɗaliban jami'a da suka yi zanga-zanga har aka soke yarjejeniyar tsaro tsakanin Nijeriya da Birtaniya a 1962, da wannan ruhi suka fito, kuma babu wanda zai kalle su ya ce sun kakkaɓe riga.

Me ya sa na damu da kalma ɗaya haka? Domin muna da kujeru da yawa da ake buƙatar mai zama a kansu ya kasance 'neutral': alƙali, ma'aikacin gwamnati, ɗan jarida, alƙalin wasa, da mu malaman jami'a da ake ɗauka aikin tattara sakamakon zaɓe. Idan a zuciyar mutum ma'anar kalmar ita ce "ba ruwana", to da ya ga an sauya alƙaluma sai ya kau da kai, ya ce shi ba ya cikin rigimar 'yan siyasa, alhali kau da kan nan ƙuri'a ce ya jefa wa mai ƙarfi. Ɗan jaridar da ya ba gaskiya da ƙarya fili daidai wa daida ya ce ya yi adalci, shi ma motarsa a firi take a kan gangara. A ɗan ƙaramin fagena na gyaran takardun jarrabawa na ga haka: rashin son kai ba ya samuwa don na ce ban damu da kowa ba, sai na tilasta wa kaina duba lamba maimakon suna, na rubuta ma'aunin maki tun kafin in buɗe takardar farko, na kuma jure fushin wanda ya turo a roƙa masa alfarma. Aiki ne mai gajiyarwa, kuma ba ya ƙara wa mutum masoya.

Da ɗalibin nan ya dawo bayan mako biyu, muka zauna muka warware takardunsa ɗaya bayan ɗaya. A ta kimiyya muka sa "ruwa mai daidaito, ba tsami ba kanwa". A ta janareta muka bar "nutural" yadda masu sana'ar ke faɗa, muka ƙara "wayar da wuta ke komawa ta cikinta" don kada wani ya kai hannu. A ta Suwizalan muka yi ta ja-in-ja, shi yana son abin da masu sauraro suka saba ji, ni kuma ina son "ƙasar da ba ta ɗaukar ɓangare". Daga ƙarshe ya ce, "Malam, to ai taka ta yi tsawo, ba za ta shiga kanun labari ba." Na ƙirga kalmomin, na ga da gaskiyarsa. Muka bar tasa a kanu, tawa kuma a cikin labarin.